MySQL da MariaDB: gaba suke ko 'yan uwa ne?

Malam ka tambaya wai MySQL da MariaDB abokan gaba ne, kuma wanne za ka ɗora wa WordPress ɗinka. Dukansu manhajojin adana bayanai ne (database), to gaskiya rigimar cikin gida ce. Mutum ɗaya ne ya haife su, Monty Widenius ɗan ƙasar Finland, har sunayen ma na 'ya'yansa mata ne, My da Maria. A 2008 kamfanin Sun ya sayi MySQL kan kusan dala biliyan 1, da aka ji Oracle zai haɗiye Sun ɗin a 2009 sai Monty ya kwashi lambobin manhajar ya buɗe MariaDB, tunda lasisin GPL, wanda ya yarda kowa ya ɗauki lambobin ya sauya su, ya ba shi dama. Wikipedia ta koma can a 2013, Debian, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ma ta bi a 2017.

Amma fa duk da kishin suna cin tuwo a kwano ɗaya, injin ajiye bayanai na Oracle mai suna InnoDB shi ne dai MariaDB ke amfani da shi.

WordPress kam duk wanda kamfanin da ke ɗauke da shafinka (hostin) ya ba ka ka riƙe. Sai dai tun MySQL 8 sun fara rabuwa sosai, kar ka sauya ba tare da ka ajiye kwafin bayananka (bakof) ba.