Me Ya Sa Gudun Safe Ba Ya Ɗorewa?

Malam, ka ce kai da abokanka kun fara gudun safe, amma bayan mako biyu kowa ya watse. Ba lalaci ba ne kawai. Yawanci tun ranar farko ake zabga kilomita biyar a kan kwalta, da tsohon kambas da ƙasansa ya cinye. Washegari ƙwauri da gwiwa su ɗauki ciwo, shi ke nan.

Ku koma tafiya da sauri, minti 30, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Ku fita bayan sallar asuba, musamman da bazara. Filin kuma ya zama kusa da gida, don in sai an hau adaidaita, kuɗin mota ne zai fara zaunar da ku.