Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan sunan Seán

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni ƙwarai. Kin ce maigidanki, ɗan ƙasar Ailan (Ireland), yana son a sa wa jaririnku sunan mahaifinsa marigayi, Seán, amma kin ga John a takardun tsohon, wani ƙaninsu kuma Shane, ga mutanen gida suna cewa su ba su san wannan suna ba. Abin da ya same ni ke nan sak. Nawa Seán ɗin yanzu yana firamare.

Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya ɓoye miki wani abu, suna ɗaya ne. Asalinsa Yohanan ne na Ibrananci, ma'anarsa Allah ya yi alheri, shi ne Yohanna da maƙwabtanmu Kiristoci ke sa wa 'ya'yansu. Wanda suke kira Yohanna Mai Baftisma kuwa shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su, wanda aka yi busharar haihuwarsa a Suratu Maryam. Sau biyu sunan ya shigo Ailan. Na farko ta bakin limaman coci masu Latin, ya zama Eoin. Na biyu Normawa ne, mutanen da asalinsu arewacin Faransa ne, suka zo da shi bayan shigowarsu ƙasar a 1169, suna cewa Jehan da Faransancinsu. Yaren Ailan ba shi da J, sai bakin mutane ya mayar da shi Seaghán, da aka sauƙaƙa rubutu a tsakiyar ƙarni na 20 ya koma Seán, ana furta shi "Shon". Mutanen Ulster, can arewa, "Shen" suke cewa, daga nan Shane ya fito, har akwai basaraken su Shane O'Neill da aka kashe a 1567. Shaun da Shawn rubutun Turanci ne kawai. John ɗin da kika gani kuma, haka aka saba yi wa tsofaffinsu: a takarda sunan Turanci, a gida na yarensu. Surukina a Connemara, can yammacin Ailan, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa kiransa John sai likita.

Ni ba takarda ce ta ƙona min rai ba, matar kawuna ce. Zuwana gida na farko da yaron, mata sun cika tsakar gida ana barka, an shimfiɗa tabarmi, ga kunun gyaɗa a hannuna ko kurɓa ban yi ba. Ta karɓe shi, ta juya shi tana ƙare masa kallo, ta ce, "To, shi ne Shanun? Ina makiyayin nasa?" Aka kwashe da dariya. Ba ta tsaya nan ba, wai na sayar da jininmu, wai ko sunan Musulmi na kasa samar wa ɗana. Matar da uwata ta yi wa jinya lokacin da kowa ya gudu! Inna ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, wannan shirun nata ya fi zafi. Na karɓi ɗana na shige ɗaki, hawaye na zuba a kan zanen goyo. Har yau in ta kira waya sai ta ce ina Shanu, har yau ƙirjina sai ya yi nauyi. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba.

Don haka kada ki bari su ji sunan a bakin wani. Ke za ki fara gaya wa iyayenki, ki faɗa musu na Annabi Yahaya ne, in kina da shakka ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Tun da sunan kakansa ne, ki ɓoye masa suna irin namu, a gida a kira shi Abba, ba mai samun abin faɗa. Su ma nan al'adarsu ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, kada ki yi wa maigida gardama, mutum ne da ya rasa mahaifi.

Ki lura da ɗan layin nan da ke kan harafin a, fada suke ce masa. In babu shi, sean "tsoho" ke nan a yarensu. Ki tsaya a kan ma'aikata ranar rajistar haihuwa su sa shi. Wajen yankan tikitin jirgi dai SEAN ake rubutawa, wannan ba matsala. Matsalar a gida take: wani ofis suka rubuta wa ɗana Sani, sai da na yi ta zarya kafin a gyara. Ki duba kowace takarda kafin ki bar gaban tebur.

Kuma kada a ruɗe ki da Eoghan, furucinsa kamar Eoin amma asalinsu daban. In Allah ya ba ku mace nan gaba, Siobhán da Sinéad duk daga tushen Seán suke. Ki rinƙa shan ruwan ɗumi, sanyin ƙasar nan ba ya raga wa mai jego. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.