Shin kwamfuta za ta iya sanin halin dutsen da ke riƙe da mai?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a Gombe. Ina jin ana cewa yanzu kwamfuta kan koyi hasashen halin dutsen da mai ke kwance a cikinsa daga awon na'urori kawai. Ke nan an daina ciro dutsen daga ƙasa?

Amsa: Ba a daina ba, ɗana, domin wannan dutsen shi ne malamin kwamfutar.

Awon da kake magana ya girmi kwamfuta. A 1927 aka fara zura na'urar 'yan'uwan nan biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, cikin wata rijiyar mai a Pechelbronn ta Faransa. A yau na'urar kan rubuta awo kusan duk rabin ƙafa. Tana auna tiririn gama (gamma), wani haske da ido ba ya gani da ke fita daga dutse, wanda kan yi yawa a dutsen laka. Tana auna turjiyar dutse ga lantarki, tun da ruwan gishiri na barin wuta ta wuce amma mai ba ya bari. Tana kuma auna nauyin dutsen da gudun sauti a cikinsa.

Ciro sandar dutse daga zurfi na da tsada, shi ya sa a rijiyoyi kaɗan ake yi. A ɗakin gwaji sai a auna ta, a jera sakamakon da awon na'ura na zurfin nan, a miƙa wa kwamfuta ta gano alaƙarsu. Da abin da ta koya take hasashen sauran rijiyoyin.

Yawan ƙofofin dutse, wato 'yan ramukan da mai ke kwanciya a ciki, ba ya ba ta wahala, awon nauyi kaɗai ya kusan faɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne sauƙin ratsawar mai ta cikin dutsen. Tambayi mai haƙar rijiya a ƙauyenku: laka na shan ruwa sosai amma ba ta saki, yashi kuwa nan take yake tsattsafowa. Duwatsu biyu kan zo da ƙofofi daidai, ɗaya ya fi ɗaya sakin mai sau ɗari, don siririyar hanyar da ke haɗa ƙofofin ce ke hukunci, na'ura kuwa ba ta ganinta kai tsaye.

Kuskuren da na fi gani a aikin ɗalibai shi ne su cakuɗa awon rijiya ɗaya, su koyar da wani kaso, su gwada da sauran. Awon mita 2,000 da wanda ke rabin ƙafa ƙasa da shi tagwaye ne, don haka in an koyar da ɗaya an gwada da ɗaya, satar amsa kwamfutar ta yi. Ka ɓoye rijiya sukutum, ka gwada da ita. Haka aka yi a gasar hasashen nau'in dutse ta FORCE a Norway a 2020, wadda wani matashi ɗan Najeriya ya lashe da wata manhajar koyar da kwamfuta mai suna XGBoost.

Sannan kwamfutar ba ta san dutsen da ba ta taɓa gani ba. Wadda ta koya daga yashin Neja Delta, kada ka kai ta filin mai na Kolmani da ke kusa da ku, inda duwatsun suka fi tsufa kuma rijiyoyin ba su da yawa. In kana son gwada hannunka, kamfanin mai na Equinor ya saki bayanan filin mai na Volve da ke tekun Norway kyauta a 2018. Fara da su.