Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙarfen dashen ƙugu da haihuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an yi miki dashen ƙugu saboda sikila, aure ya matso, kuma kin ji ana cewa ƙarfen yana lalata ƙwayoyin halitta har ya shafi 'ya'ya. Nima sikilar ce ta cinye min kan ƙashin, aka yi min aiki a Indiya a 2009, don haka na san wannan fargabar.

Ki fara nemo takardar asibitinki ki ga wane iri aka sa miki. Maganar da kika ji ta fi shafar dashen da ƙwallonsa da ƙoƙon da yake juyawa a ciki duk ƙarfe ne. Idan suna gogar juna sai garin kobalt da kromiyam, ƙarafan da aka ƙera dashen da su, ya riƙa shiga naman wurin da jini, ƙoda na fitar da wani ta fitsari. Tun da aka janye samfurin ASR na kamfanin DePuy a 2010, likitoci suka ja baya daga irinsa, yanzu tangaran da roba aka fi sawa. Nawa na wani kamfani ne daban, amma shi ma ƙarfe kan ƙarfe ne.

Batun ƙwayoyin halitta ba ƙarya ba ne. Masu bincike a Biristol ta Ingila sun ga canje-canje a kromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado) na fararen ƙwayoyin jinin masu irin wannan dashe. An kuma samu ƙarfen a jinin cibiyar jarirai, ƙasa da na uwa. Sai dai wani babban nazari a Birtaniya a 2012 bai ga ƙaruwar ciwon daji ba cikin shekara 7 bayan aiki.

Ni kafin na ɗauki ciki likitana ya sa aka auna min ƙarfen a jini da aikin ƙoda, wanda dama sikila na taɓa shi. Ma'aunin da hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta sa na a ƙara bincike shi ne maikirogiram 7 a lita, nawa bai kai ba. Ranar da na karɓo sakamakon a mota na buɗe takardar, hannuna na rawa. Yarana biyu yanzu, alhamdu lillahi, amma har yau ina zuwa awon.

Idan kina jin ciwo a matsematsi, ko kumburi, ko ƙara kamar ƙyauren da ya rasa mai, ko jinki da ganinki sun ragu, kar ki jira. Ki tafi wurin likitan ƙashi da takardar a hannu, ki kuma gaya wa likitan mata tun kafin ciki. Allah ya sanya alheri a auren.