Ku Tambaya Mu Amsa: Bindigar iska, kurciya da katangar maƙwabci

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku na zaɓo cikin waɗanda suka shigo, duka a kan bindigar iska ne, irin wadda ake karyawa a saka ƙwayar dalma ɗaya a harba. Na yi shekaru ina riƙe ta, kuma abin na raina sosai, shi ya sa amsar farko ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA TA FARKO, daga wani matashi a Tawa:

"Malam ina wuni. Yayana ne ya zo min da bindigar iska daga Abijan, lamba 4.5 aka rubuta a jikinta. Ina fita bayan gari harbin kurciya amma wallahi cikin harbi goma da ƙyar in samu ɗaya, wata kuma sai in ga gashi ya tashi ita ko ta tafi abinta. Abokaina na fada sun ce bindigar ce ba ta da ƙarfi, in sayar in sayi babba. Mi ka gani?"

Ƙanena, lafiya lau, kuma kar ka sayar da komai tukuna. Ba ƙarfi ne matsalarka ba, saiti ne, kuma wannan kurciyar da ka ce gashi ya tashi ta tafi, ita ce ta fi damuna cikin duk saƙonka. Ba lafiya ta tafi ba. Da dalma ta tafi a jiki, za ta je ta laɓe cikin wata ƙaya ta kwana biyu tana mutuwa a hankali, kai ba ka ci nama ba ita ba ta rayu ba. Ni na taɓa tsintar irinta ƙarƙashin wani gawo, fiffike ɗaya a karye yana ja a ƙasa, tururuwa sun riga sun hau idonta tana numfashi. Tun ranar na daina ɗaga bindiga ga abu mai rai sai na tabbata harbi ɗaya zai gama. Kuma addininmu ma bai bar mu haka ba, hadisi ya zo a Sahihu Muslim da hanin a mai da abu mai rai abin gwada saiti. To koyon harbi a jikin kurciya shi ne ainihin abin da aka hana. A takarda ake koyo.

Ga yadda za ka yi. Samo kwali, ka zana ɗigo baƙi kamar girman tsabar dala ashirin, ka auna taki goma sha biyu ko sha uku, wajen mita 10 ke nan, ka zauna ka ɗora hannunka a kan buhun yashi ko matashi. Harba biyar duk a ɗigon nan, kar ka gyara komai tsakani ko da ka ga suna zuwa gefe. Abin da kake nema shi ne ramukan su taru wuri ɗaya. In sun taru amma can hagu ko can sama, wannan abu mai sauƙi ne, ƙananan sukurorin saiti na baya za ka murɗa kaɗan kaɗan har taron ya dawo tsakiya. In ko sun warwatse kamar an watsa gero, to hannunka ne, ko dalmar.

Maganar hannu kuwa, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Bindigar da ake karyawa, rasor ne a cikinta, wato sifirin, da fistan. Da ka taɓa kunama rasor ɗin zai saki, bindigar ta yi baya sannan ta yi gaba, duk wannan kafin dalmar ta fita daga bakin bututu. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi kamar yana riƙe da ragon layya, kowane harbi da inda zai je, don damƙar yau ba ta zama daidai da ta ɗazu. Ka shimfiɗa tafin hannunka na hagu ka ɗora ta a kai kawai, wuri ɗaya kullum, kafaɗa ta taɓa ta ba dannawa ba, ka bar ta ta yi motsinta. Kar ka ɗora katakonta kai tsaye a kan dutse ko bango. Kunama kuma matsawa ake a hankali bayan ka sauke rabin numfashi, ba fizga ba, kuma bayan ta tashi ka ci gaba da kallon ɗigon kamar daƙiƙa biyu kafin ka ɗaga kai.

Dalma ma ba ɗaya ba ce. Ka zuba kaɗan a tafin hannu ka duba, za ka ga wasu siket ɗinsu na baya ya lotse, waɗannan ka ware su, ba za su tafi daidai ba har abada. Mai faffaɗan kai ta takarda ce, tana huda rami tsaf kamar an sa almakashi. Mai zagayayyen kai ita ta fi tafiya daidai in nisa ya ƙaru, ita nake ba mai farauta shawara. Kowace bindiga da dalmar da take so, sai ka gwada gwangwani biyu ko uku.

Abokanka da ke cewa ka sayi babba, ga lissafin. Ƙwayar 4.5, wato mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kamar rabin giram ne, ta 5.5 kusan giram ɗaya. Ita 5.5 ta fi dukan nauyi amma ta fi saurin lanƙwasowa ƙasa, dole ka iya ƙiyasin nisa. Kuma duk sanda rasor ya ƙara ƙarfi, girgiza na ƙaruwa, saiti na ƙara wuya. Lambobin gudu da ake bugawa manya manya a jikin kwalin bindiga, yawanci da ƙwaya marar nauyi aka auna su, wadda ba dalma ba, kar su ruɗe ka. A Ingila, inda ake harbin zomo da tantabarar daji da bindigar iska cikin gonaki da izinin mai gona, iyakar ƙarfin da mutum zai riƙe ba tare da lasisin bindiga ba kusan jul 16 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), kuma da shi suke aikinsu. A gasar Olamfik da aka shigar da bindigar iska a 1984 a Los Anjalis, lambar taka ce dai 4.5 ake harbawa daga mita 10, ɗigon maki goma kuwa rabin milimita ne faɗinsa. Ka ga ke nan magana ta hannu ce.

Ƙa'idata ita ce: nisan da za ka iya tara harbi biyar cikin tsabar nan ta dala ashirin, shi ne nisan farautarka, ko taki ɗaya kar ka ƙara. In mita 15 ne to 15. Ka yi bisimilla kafin ka harba, wuƙa mai kaifi na aljihunka, ka isa wurin da gudu, in da sauran rai ka yanka nan take. Kurciya, hasbiya da ɓera su ne daidai wannan bindiga. Zabon daji gashinsa da ƙashinsa sun fi ƙarfin irin taka, ka bar shi. Da damina kuma tsuntsaye na kan ƙwai, uwa ɗaya da ka kashe sheƙa guda ka kashe. Shamuwa da ungulu da balbela ba ma sai na faɗa ba, kai ɗan Adar ne, ka san ba a taɓa su.

TAMBAYA TA BIYU, daga wata uwa a unguwar Talaje, Yamai:

"Ɗana shekararsa 13, ya dame ni sai na saya masa bindigar iska don ɗan maƙwabta na da ita. Babansu ya ce ai abin wasa ne kamar danƙo. Ni dai hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, hankalinki ya fi gaskiya, kuma ki gaya wa maigida cikin ladabi ni na ce ba danƙo ba ce. Ko mai rauni a cikinsu, irin wadda Jamus ta yarda babba ya saya ba lasisi, mai jul 7.5, tana tura dalma wajen mita 170 cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ya isa ya fasa ido, ya shiga wuya, a yaro ƙarami ya huda gefen kai inda ƙashi ba kauri. In aka harba sama kuwa tana iya wuce mita 300 kafin ta faɗo, ki duba Talaje ki gaya min ina ne za a samu mita 300 ba gida ba mutum.

Abin da na gani da idona a unguwarmu shi ya sa ba na sassauci a nan. Yara ne suka jera gwangwanayen tumatir a kan katangar siminti suna harbi, ba wanda ya auna kowa. Dalma ɗaya ta bugi bakin katangar ta dawo gefe, ta samu ƙaramin cikinsu da ke tsugune yana kallo. Ni na ɗauke shi a moto zuwa asibiti, hannunsa a kan fuska, yana ta cewa kar a gaya wa mamarsa. Idon bai dawo ba. Yanzu ya girma, yana gaishe ni kullum in mun haɗu a masallaci.

Ban ce yaro ba zai koyi harbi ba, harbi na koya wa yaro natsuwa fiye da yadda ake zato. Amma bindigar ta babansa ce ba tasa ba. A kulle take, dalma a wani wuri daban, ba ta fitowa sai baban na tsaye a kansa. A samu akwatin katako a cika shi da tsummokara a danne sosai, a manna takardar a bakinsa, bayansa kuma tulin yashi ko bangon laka mai kauri, ba siminti ba, ba ƙarfe ba, ba tayar mota ba don roba na maido da dalma. Kowa ya sa tabarau na kariya, har mai kallo, kuma kowa a bayan mai harbi. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko an rantse ba komai ciki. Wurin karyawa, hannu ɗaya na riƙe da bututun gam har a saka dalma a rufe, don in ya kuɓuce yana komawa da ƙarfin da zai murƙushe yatsa.

Sai abu ɗaya da iyaye ba su cika lura da shi ba. Yara na zuba ƙwayoyin a baki don saurin ɗauka, na sha gani. Dalma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, mun ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 wurin haƙar zinariya, yara sama da 400 suka rasu. A aljihu ko gwangwani ake ajiye ta, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, waɗanda suka taru cikin akwatin a kwashe kar kaji da ƙananan yara su tsince. In maigida ba shi da lokacin tsayawa a kansa, Hajiya kar a saya, ki jure kukan yaron na kwana biyu.

TAMBAYA TA UKU, daga wani direba a Yamai:

"Ina da ta karyawa ƙirar kamfanin Gamo, ƙarfinta ya ragu, wani ya ce in ɗiga man inji a ramin iska. Kuma zan iya tafiya da ita ƙauye a mota? Ana buƙatar takarda?"

Ɗan'uwa kar ka ɗiga. Iskar da fistan ke matsewa tana yin zafi ƙwarai, man inji na kamawa da wuta a ciki kamar yadda gazuwal ke yi a injin motarka, za ka ji ƙara da hayaƙi ka ɗauka ƙarfi ya dawo, alhali robar fistan ce ke ƙonewa rasor na cin duka. Harbi ba dalma a ciki ma haka yake lalata ta. Ka fara duba ƙaramar robar nan mai zagaye a inda bututu ke haɗuwa da jiki, zafinmu da ƙurar hunturu na busar da ita, sau da yawa ita kaɗai ce ke zubar da iska kuma canza ta ba wuya. Ka ɗaure sukurorin katako, su ma suna kwancewa. Masu irin ta gas kuma, mai ƙaramar kwalbar giram 12, kar ku bar ta cikin mota a rufe a watan Afirilu ko Mayu, matsin gas ɗin na hawa da zafi.

Maganar takarda, farauta a Nijar na ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, akwai lasisin farauta, akwai lokacin buɗewa da rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji su gaya maka matsayin abin da kake son harbi, ka biya komisariya ka nuna rasit ɗin sayenta ka tambayi abin da ake nema wurin riƙewa, tun kafin ka sa ta a mota. Gandun dajin W, da wurin raƙuman dawa na Kure, da tabkin Tabalak, kar ma ka kusance su da ita.

Kuma ka tuna halin da ƙasa ke ciki. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi da Tasara da Tiliya a jihar Tawa, kuma daga nesa sojan da ke kan shinge ba zai bambance taka da ta yaƙi ba. Ka sa ta cikin jaka a but, ba dalma a ciki, takardu a hannunka, in an tsayar da kai ka faɗa da bakinka cewa akwai ta kafin a buɗe, hannuwanka a kan sitiyari. Da dare kuwa ko a moto, bar ta gida.

Mai tambaya a kan madubin saiti da ke kwancewa bayan harbi kaɗan, saƙonka ya iso, da shi za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.