Ku Tambayi Anti: 'Yata ba ta rarrafe, jan gindi take yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata watanta 13. Tun tana wata 6 ta iya zama, amma har yau ba ta taɓa rarrafe ba, sai dai ta zauna ta riƙa jan gindi, kuma da gudu, kafin in juya ta bar ɗaki ta kai tsakar gida. Idan na ɗaga ta don ta tsaya sai ta ɗage ƙafafunta sama kamar ƙasan da wuta. Ɗan maƙwabciyata da tsakaninsu sati ɗaya ne har ya fara tatata. Uwar mijina ta ce yawan goyo ne ya kashe mata ƙafa, wata kuma ta ce ko ciki ne da ni. Akwai matsala? Ko in saya mata keken koyon tafiya?
Maman Ilham, Rigasa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Wasiƙarki ta tuna min da autana. Wanduna uku yaron nan ya cinye a simintin tsakar gidanmu da ke Tudun Wada, dukansu a mazauni suka ɓule, gwiwa kuwa kamar sabuwa. Ni da nake aikin gashin ƙashi, nake kwantar wa iyaye hankali da safe, sai in dawo gida da yamma in zauna ina ƙirga watanni a yatsa. Sai da ya cika wata 19 ya saki kujera ya tako. Yanzu ƙwallo ce ke hana shi zaman gida. Daga baya kakarsa ta ce min ai ubansa ma haka ya yi, kuma gaskiya ne abin yakan bi jini, don haka ki tambayi Hajiya yadda mai gidanki ya koyi tafiya, ki kuma tambayi taki mahaifiyar.

Jan gindi shi kaɗai ba ciwo ba ne. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara 816 masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Sama da kashi 4 cikin 100 ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba. Tafiya kuwa, wasu sun fara tun suna wata 8, wasu sai da suka haura wata 17, kuma duka lafiyarsu ƙalau. Kin ga ɗan maƙwabciyarki ba sikeli ba ne. A 2022 ma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire rarrafe daga jerin matakan da take cewa iyaye su duba.

Masu jan gindi sukan makara wajen tafiya, wata 18 har zuwa shekara 2, kuma dalilin a bayyane yake idan kika zauna kika kalle ta. Mai rarrafe kansa a ƙasa yake, hannuwansa biyu suna aiki, in yana son ganin abin da ke kan kujera dole ya kama ya miƙe. Ita kuwa Ilham a zaune take ƙyam, tana ganin komai, biskit a hannu ɗaya cokali a ɗayan, tana zuwa inda ta ga dama. Me za ta tashi ta nema? Ɗage ƙafar da take yi idan kin tsayar da ita ma halinsu ne, da yawansu gaɓoɓinsu na da ɗan laushi, ba sa son ɗora nauyi a kai. Batun goyo da ciki kuwa ki bar shi a inda kika ji shi. Da goyo na kashe ƙafa da babu mai tafiya a ƙasar Hausa.

Abin da nake so ki duba shi ne yadda take jan. Ki shimfiɗa tabarma, ki ajiye murfin kwano a can nesa, ki zuba ido. Ƙafafu biyun ne ke aiki, ko ɗaya ce ke turawa ɗayar tana biye kamar tsumma? Hannu biyu take kamawa da su, ko kullum ɗaya a dunƙule yake? Wajen sa mata wando, ƙafafun suna sandarewa ko su harɗe kamar almakashi? Ko jikin ya saki ne lagwaf idan kin ɗauke ta? Sannan ki tuna haihuwarta: ta jima ba ta yi kuka ba, ta yi shawara mai tsanani a satin farko, ko ta taɓa jijjiga? Idan ko ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ko kika ga abin da ta iya a da ta daina, kada ki jira wata 18, ki kai ta sashen yara a asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a duba ta. Ki ɗauki bidiyonta a waya kafin ki je, don yaran nan da zarar sun ga farar riga sai su ƙi motsi. Idan bakwaini ce, a cire makonnin da ta rage a ciki kafin a yi mata lissafi.

Ki kuma shafa wuyan hannunta. In ya kumbura ya yi kauri, ko ƙafa ta fara lanƙwasa, yana iya zama taushin ƙashi. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa a wajenmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadin, tunda rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Koko zalla ba ya gina ƙashi, a haɗa mata da madara ko kindirmo, da garin busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa aka tankaɗe.

A gida, ki rage zaunar da ita. Ki kifa ta a kan cinyarki ko ƙirjinki, minti biyu minti uku, sau da yawa a rana, za ta yi kuka da farko, kada ki karaya. Ki durƙusar da ita a gaban katifa, ki ɗora abin da take so a sama. Ki zaunar da ita a kan cinyarki tafin ƙafarta na taɓa ƙasa, ba takalmi, ki riƙe ƙugunta ta miƙe ta ɗauko abu.

Keken da ake zura yaro a ciki kuwa, ki riƙe kuɗinki. Ba ya gaggauta tafiya, kan yatsu yake koya wa yaro turawa, ga faɗuwa ga ƙuna, har ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Idan ta fara kama abu tana tsayuwa, na katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi ya fi, ki tsaya kusa da ita. In ta cika wata 18 ba ta tako ba, ko da komai lafiya, a kai ta likita ya gani. Kafin nan ki ɗinka mata wando mai kauri, ki kuma kange murhu da bokitin ruwa, don mai jan gindi hannuwanta biyu a sake suke.