Kwana huɗu a Suwizalan: ku fara da takardar uwargida

Wani ɗan'uwa mazaunin Brescia a ƙasar Italiya ya rubuto cewa yana da hutun kwana huɗu, yana son ya kai uwargidansa Suwizalan su ga Zurik da Luzern da Interlaken da Bern da Jeniba. Ya ce katin zamansa yana da sauran wa'adi, amma na uwargida yana hannun hukuma ana sabunta shi, rasit kawai take riƙe da shi. Ya kuma tambaya ko zai iya neman aiki a can.

Malam, ina yi muku fatan alheri, amma ina roƙonka kada ka sayi tikiti sai katin uwargida ya fito. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, sai dai ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun 2008, don haka mai riƙe da katin zama na Italiya tare da fasfo mai aiki yana da damar ziyara har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Rasit ɗin sabuntawa ba ya ba da wannan dama. Amfaninsa shi ne ya tabbatar da halaccin zamanta a cikin Italiya, ya kuma ba ta damar zuwa gida ta dawo kai tsaye ba tare da ta ratsa wata ƙasar Shengen ba. Jami'ai sukan shiga jirgin ƙasa a tashar Chiasso da ke kan iyakar Italiya da Suwizalan su duba takardu, kuma ba na son a sauko da matarka a gaban jama'a saboda gaggawar da za a iya kauce mata.

Batun aiki kuwa, katinka na Italiya izinin ziyara kawai yake ba ka a can, kuma wanda aka kama yana aiki ba izini yana iya fuskantar tara da haramcin shiga ƙasar.

Garuruwa biyar a kwana huɗu sun yi yawa, domin rabin hutun zai ƙare a jan akwati tsakanin tashoshi. Ni a ganina ku ajiye Zurik da Jeniba zuwa wani lokaci. Ku tashi daga Milan a jirgin ƙasa ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57 wanda aka buɗe a 2016, ku kwana biyu a Luzern, ku taka tsohuwar gadar katakon nan mai rufi, washegari ku shiga jirgin ruwa a tabkin ku hau dutsen Rigi. A rana ta uku ku kama jirgin Interlaken, tafiyar kusan awa biyu ce tsakanin tabkuna da tsaunuka, wadda ita kanta kallo ce, sannan da yamma ku ƙarasa Bern cikin ƙasa da awa ɗaya ku kwana. Daga Bern jirgi yana komawa Milan ta Brig da Domodossola, ka ga kun yi zagaye ba ku maimaita hanya ba. Ka lissafa kuɗin tikitocin ɗaya bayan ɗaya a manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan, ka gwada da farashin tikitin bai-ɗaya na Swiss Travel Pass na kwana 4, wanda ya haɗa jirgin ƙasa da na ruwa da motocin cikin gari.

Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba, kuma tsadar abinci za ta ba ka mamaki ko da ka saba da Italiya. Ku riƙa sayen burodi da cuku da 'ya'yan itace a kantunan Migros ko Coop, ku tuna cewa ranar Lahadi shaguna a rufe suke in ban da na manyan tashoshi. Idan za ku riƙe guzuri, nama kilo 1 ne ga kowane mutum ba haraji, shi ma sai wanda ya fito daga Tarayyar Turai, don kilishin da aka kawo muku daga gida haramun ne shiga da shi. Ka tambayi kamfanin layinka kafin ka kunna data, domin rangwamen Tarayyar Turai na amfani da layin waya a sauran ƙasashenta bai tilasta musu haɗawa da Suwizalan ba.

Idan uwargida tana sa niƙabi, ku sani cewa tun 1 ga Janairu 2025 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma ta shafi baƙi. Hijabi da ya bar fuska a buɗe ba shi da matsala. Ku ɗauki rigunan sanyi ko da bazara ce, domin iskar saman Rigi daban take da ta bakin tabki.